Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba: Alƙur'ani, Yahudawa da Labarin Hamada

Ƙasar Alakos tana arewacin Gure, cikin jahar Damagaram, tsakanin duwatsun Kutus da filayen Damargu. Mutanenta manoma ne da makiyaya, Garazu kuma ita ce mazaunin hukumarta. Babu unguwar Yahudawa a can, babu ɗakin ibadarsu, haka nan ma a Gure da birnin Damagaram. Mafi yawan mutanen wannan yanki sukan ƙare zamansu na duniya ba su taɓa haɗa ido da Bayahude ba. Duk da haka sunan ba baƙo ba ne a kunnensu, domin ta ƙofa uku yake shigo musu.

Ƙofa ta farko ita ce bakin malami, musamman cikin watan azumi, lokacin da ake tafsiri a ƙofar masallaci ko a rediyo, a biyo ta kan Suratul Baƙara inda labarin Bani Isra'ila ya yawaita. Ta biyu ita ce labarun duniya, waɗanda rediyo da wayar salula ke kawowa daga Gabas ta Tsakiya, galibinsu na yaƙi da zubar da jini. Ta uku ita ce kasuwa, inda akan ji an kira mai tsananin son riba ko maras tausayi da sunan Bayahude, alhali kuwa Musulmi ne ɗan Musulmi.

In aka bar waɗannan uku suka cakuɗe, sai mutum ya ɗauka cewa zagin da ya ji a kasuwa shi ne hukuncin Littafi. Ya kamata wanda ya fita daga duhun jahilci, har ya iya duba takarda da kansa, ya rarrabe su. Alƙur'ani mai girma yana auna mutane da aikinsu da alkawarinsu: ya yabi wanda ya cika, ya zargi wanda ya saɓa, ya kuma hana a ɗora wa wani laifin wani. Malaman Hamada ma sun taɓa yin jayayya mai zafi a kan wannan batu, shekara fiye da 500 da suka wuce, kuma ɗaya daga cikinsu ya taka ƙasar Nijar da ƙafarsa.

Sunayen da ke cikin kowane gida

Da wuya a shiga gida a Alakos ko Damagaram ba a sami Musa, ko Haruna, ko Dauda, ko Sulaimanu, ko Yakubu, ko Yusufu, ko Isiyaku, ko Zakari ba. Waɗannan duka annabawa ne da Yahudawa ke lissafawa cikin kakanninsu da manyansu. Isra'ila ma suna ne na Annabi Yakubu, alaihis salam, Bani Isra'ila kuwa watau zuriyarsa. Babu annabin da aka ambaci sunansa cikin Alƙur'ani kamar Annabi Musa, alaihis salam, wanda sunansa ya zo sau 136. Sura ta 17, wadda aka fi sani da Isra'i, wani sunanta shi ne Suratu Bani Isra'ila. Imanin Musulmi kuma ba ya cika sai ya gaskata littattafan da Allah ya saukar, ciki har da Attaura ta Annabi Musa da Zabura ta Annabi Dauda.

Akwai sauran alamu cikin al'adar yau da kullum. Sunan ranar Asabar, wadda ake yi wa yara laƙabi da ita a ce Asabe ko Ɗan Asabe, asalinsa ɗaya da sunan ranar hutun Yahudawa. Azumin Ashura na 10 ga watan Muharram, wanda Hausawa ke haɗawa da daren cika-ciki, yana da nasa labari. Buhari ya ruwaito cewa da Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, ya isa Madina, ya tarar Yahudawa suna azumtar ranar don godiya ga Allah da ya tsirar da Annabi Musa daga Fir'auna, shi ma ya azumce ta, ya umurci sahabbai da haka. Musulmi kuma sun yi wata 16 ko 17 bayan Hijira suna fuskantar Baitul Muƙaddas a salla kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba. Kaɗaita Allah, kaciya, haramcin naman alade da na jini, da yanka kafin a ci, duk addinan biyu sun haɗu a kansu.

Yabo da zargi cikin Littafi ɗaya

Lambobin ayoyin da za su zo a nan na ƙirgar bugun Masar ne. Wanda ya duba Alƙur'ani na ruwayar Warshu, irin na makarantun allo, yana iya samun bambancin aya ɗaya ko biyu.

Alƙur'ani ya sa Yahudawa da Nasara cikin aji ɗaya mai suna Ma'abota Littafi, ya bambanta su da masu bautar gumaka. Baƙara, aya ta 47, ta tuna wa Bani Isra'ila ni'imar da aka yi musu da fifikon da aka ba su. Ma'ida, aya ta 44, ta siffanta Attaura da shiriya da haske. Ma'ida, aya ta 5, ta halatta wa Musulmi abincin Ma'abota Littafi da auren matansu masu kamun kai. Wannan hukunci ya shiga littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996.

Zargin kuma yana nan, mai tsanani ne, ba a ɓoye shi. Littafi ya ambaci bautar ɗan maraƙi, da warware alkawari, da kashe annabawa, da cin riba bayan an hana, da karkatar da magana daga wurarenta, kamar yadda ya zo cikin Nisa'i, aya ta 46, da Ma'ida, aya ta 13. Ma'ida, aya ta 82, ta sa Yahudawa da mushirikai a gaba wajen adawa da muminai. Malamai sun saɓa a kan iyakar wasu daga cikin waɗannan ayoyi. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan cewa nassin Attaura ne aka sauya, Ibn Haldun kuwa, wanda ya rasu a 1406, ya karkata ga cewa fassara ce aka karkatar. Haka kuma Baƙara, aya ta 62, wadda ta yi alkawarin lada ga Yahudawa da Nasara masu imani da Allah da Ranar Lahira da aikin ƙwarai: mafi yawan masu tafsiri sun ce tana nufin waɗanda suka bi annabinsu kafin aiko Manzon Allah, wasu kuwa sun faɗaɗa ta. Wannan magana ce ta Lahira, hukuncinta yana hannun Allah.

Amma game da zaman duniya, Littafi ya sa iyaka a fili. Ali Imrana, aya ta 113, ta bayyana cewa Ma'abota Littafi ba ɗaya suke ba, cikinsu akwai masu tsayuwar dare suna karanta ayoyin Allah. Aya ta 75 ta wannan sura ta kawo misali da kowane ɗan kasuwa zai gane: akwai wanda in an ba shi ajiyar dukiya mai yawa zai mayar, akwai kuma wanda ko dinari ɗaya ba zai mayar ba sai an tsaya a kansa. A'arafi, aya ta 159, ta shaida cewa cikin mutanen Annabi Musa akwai jama'a masu bin gaskiya da adalci.

Labarin masu keta alfarmar Asabar, wanda wasu ke ɗauka su yi zagi da shi, yana cikin A'arafi daga aya ta 163 zuwa ta 166. Labarin gari ɗaya ne na bakin teku, kuma a cikin garin an tsirar da waɗanda suka yi wa'azi suka hana ɓarna, su ma Bani Isra'ila ne. Muslim ya ruwaito cewa waɗanda aka shafe kamanninsu ba su bar zuriya ba. Saboda haka wanda ya jingina wa mutanen yau wannan azaba ya saɓa wa hadisi. Ga kuma ƙa'idodi uku da suka rufe batun: An'ami, aya ta 164, ta hana wani rai ɗaukar nauyin laifin wani, Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci, Mumtahana, aya ta 8, ta buɗe ƙofar kyautatawa ga duk wanda bai yaƙi Musulmi ba, bai kore su daga gidajensu ba.

Abin da ya faru a Madina

Ba a fahimtar ayoyin zargi sai an san zamanin da suka sauka. Da Manzon Allah ya yi Hijira a 622, ya tarar da Yahudawa a Madina, manoman dabino, maƙera da fatake. An rubuta takardar yarjejeniya, wadda Ibn Ishaƙa ya adana cikin littafinsa na Sira. Ta tabbatar wa Yahudawa addininsu, Musulmi nasu, ta kuma wajabta wa kowa tsaron gari. Wannan zama bai ɗore da manyan ƙabilu uku ba. An fitar da Banu Ƙainuƙa'a a 624, Banu Nadir a 625. A 627, bayan yaƙin Gwalalo, aka tuhumi Banu Ƙuraiza da haɗa baki da rundunar da ta kewaye Madina. Sa'adu ɗan Mu'azu ya yanke hukunci, aka kashe mazajensu, waɗanda littattafan Sira suka ƙirga da ɗaruruwa, aka bautar da mata da yara. A 628 aka ci Haibara, aka bar mutanenta a gonakinsu bisa sharaɗin ba da rabin amfani, har zamanin Halifa Umaru da ya tashe su. Abubuwa ne masu nauyi, kuma littattafan Musulmi da kansu sun ɗaura kowannensu da yaƙi da warware alkawari na wata ƙabila sananniya.

Waɗannan littattafai kuma su ne suka kawo sauran labarin. Muhairiƙ, malamin Yahudawa, ya fita yaƙin Uhudu tare da Musulmi a 625, ya mutu a can, ya bar wasiyyar dukiyarsa ga Manzon Allah. Abdullahi ɗan Salamu, shi ma malaminsu, ya musulunta ya zama sahabi. Safiyya ƴar Huyayyu, ɗiyar shugaban Banu Nadir, ta zama Uwar Muminai. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana kuma ya tuna wa sahabbai cewa ai rai ce. Ya je gaida wani yaro Bayahude mai yi masa hidima da ya kwanta ciwo. Ya bar duniya a 632 sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa.

Akwai labari ɗaya da ya kamata kowane alƙali da kowane ma'aikacin hukuma ya riƙe. Tafsirin Jalalaini, wanda shi aka fi karantawa a azumi a ƙasar Hausa, ya kawo shi a kan Nisa'i, daga aya ta 105. Wani Musulmi mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ ya saci sulke, ya ɓoye shi wurin wani Bayahude. Da aka gano sulken, sai ya ɗora wa Bayahuden satar, danginsa kuma suka zo suna neman Manzon Allah ya kare ɗan'uwansu. Ayoyi suka sauka suna hana a tsaya wa maha'inci, suna kiran jifan maras laifi da laifi ƙazafi da zunubi bayyananne. An wanke Bayahude, an tona asirin Musulmi, kuma ana karanta wannan cikin salla har yau.

Zaman amana

Bayan da daular Musulunci ta faɗaɗa, malaman fiƙihu sun tsara zaman Ma'abota Littafi bisa abin da ake kira zimma, watau amana. Suna biyan jiziya, kamar yadda Tauba, aya ta 29, ta ambata, hukuma kuma tana tsare rayukansu da dukiyarsu da addininsu. Buhari ya ruwaito gargaɗin cewa wanda ya kashe mai amana ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Wannan tsari bai daidaita su da Musulmi ba, gama akwai takura wajen tufafi da hawa da ginin wuraren ibada. Ya danganta kuma da halin sarki da halin zamani. A ƙarƙashinsa Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta littattafansa da Larabci, ya yi aikin likita a fadar Salahuddini. Amma tun yana yaro iyalinsa suka gudu daga Ƙurɗuba saboda tsanantawar daular Muwahhiduna. A 1066 an karkashe Yahudawan Garnaɗa cikin tarzoma. A 1492 kuwa, da sarakunan Kirista suka kori Yahudawa daga Sipaniya, birnin Fas da daular Usmaniyya ta Sarki Bayazidu na Biyu ne suka karɓi da yawa daga cikinsu.

Jayayyar Tuwat

Tuwat jerin garuruwan dabino ne a tsakiyar Hamada, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, zango ne babba na ayarin da ke zuwa Tumbutu da Abzin. Wani falke ɗan Italiya mai suna Antonio Malfante ya rubuto wasiƙa daga can a 1447, ya ce Yahudawa suna da yawa a wurin, suna fatauci cikin kwanciyar hankali ƙarƙashin kariyar shugabannin garuruwa.

Daga baya sai Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna a garin Tamanɗiɗ na Tuwat. A ganinsa Yahudawan wurin sun fita daga sharuɗɗan amana saboda kusancinsu da masu mulki, ya ce a rushe ɗakin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi, ya ce masu amana ne, ba a taɓa su. Aka aika da tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis. Ibn Zakri, muftin Tilimsan, ya goyi bayan alƙali. Al-Tanasi ya goyi bayan Magili, haka nan al-Sanusi, mai littafin tauhidi Ummul Barahina da ake karantawa a ƙasar Hausa. Al-Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu cikin littafinsa Mi'iyar. Dukansu Malikawa ne, Littafi ɗaya suke karantawa, amma hukuncinsu ya bambanta. Magili bai jira a daidaita ba. Ya tara jama'a, aka rushe ginin, ya sa ladan miskali 7 na zinariya a kan kowane Bayahude da aka kashe. Wajen 1492 zaman Yahudawa a Tamanɗiɗ ya watse.

Daga nan Magili ya yo kudu. Ya koyar a Abzin da Tigidda, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna. Ya zauna Katsina, sa'an nan ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya amsa masa tambayoyi a kan mulki da addini. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da waɗannan amsoshi shekara 300 bayan haka. Darajar Magili a tarihin ilmin ƙasar Hausa babba ce, babu mai musun haka.

Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke birnin, aka kuwa kama su. Sai Alƙali Mahmudu ɗan Umaru na Tumbutu ya tsaya, ya ce waɗannan mutane ba su aikata kome ba, ba a kama su da laifin da wasu suka yi a wata ƙasa. Aka sake su. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, shi ya rubuta wannan labari cikin littafinsa na tarihin malamai, Nailul Ibtihaj. Magili ya koma Tuwat, ya rasu a can wajen 1504. Duk da haka tasirinsa ya yi saura: matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa sarkin Songai ya hana Yahudawa zama a Tumbutu. An daɗe bayan haka kafin Mordokai Abi Serur, malamin Yahudawa daga garin Akka na Maroko, ya shiga Tumbutu wajen 1860, ya zauna shekaru yana fatauci.

Abin lura a nan shi ne, alƙalai biyu, na Tuwat da na Tumbutu, sun tsaya gaban malamin da ya fi su suna, suka riƙe ƙa'idar da ke cikin An'ami da Ma'ida. Hujjarsu daga cikin addini ta fito.

Gashin jimina

Ƙasar Damagaram ma ta yi hulɗa da Yahudawa, ko da yake daga nesa. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, ayari kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamus da Gat da Agadas, ya ratsa Damargu, ya sauka Zangon Damagaram, ya wuce Kano. Yana kawo yadi da sukari da takarda, ya koma da fatu da hauren giwa da gashin jimina, wanda matan Turai ke ƙawata huluna da shi. Damargu, maƙwabciyar Alakos, tana cikin wuraren da suka yi suna da wannan gashi.

Cikin masu zuba jari a wannan fatauci akwai gidajen Yahudawan Tarabulus, kamar na Arbib da Nahum da Hassan. Sukan ba Larabawan Gadamus kaya bashi, madugu ya tafi da su shekara guda ko fiye, in ya komo a yi lissafi a raba riba. Babu kotun da ke iko daga bakin teku har Kano, babu waya. Amana ce kaɗai ta riƙe wannan ciniki, tsakanin Bayahude mai jari, Balarabe madugu, Buzu mai raƙumi da Bahaushe dillali. Ayar ajiya ta Ali Imrana ta sami misalinta a kan wannan hanya.

Cinikin ya mutu da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gashi kuma ta faɗi a 1914. Wasu suka sauya hanya: Saul Raccah, Bayahude ɗan Tarabulus, ya zauna Kano har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a shekarun 1930. Jimina kuwa ta ƙare a daji, har sai da aka kafa wurin kiwonta a Kelle, cikin Kutus, don kada irinta ya ɓace.

Addini dabam, gwamnati dabam

Ƙarni na 20 ya sauya kome. A Turai, gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa miliyan 6 saboda jininsu kawai. Irin wannan ƙiyayya ta jini can ta tsiro. Daga can kuma wata takardar jabu ta fito, wadda aka buga a Rasha a 1903, tana cewa wai Yahudawa sun ƙulla makircin mallakar duniya. An tona ƙaryarta a 1921, amma har yau gutsattsarinta suna yawo a wayoyin salula da rigar wa'azi. A 1948 aka kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa kusan 700,000 suka rasa gidajensu. Cikin shekarun da suka biyo baya Yahudawan Libiya da Aljeriya da Maroko suka tashi kusan duka, zaman ƙarnuka ya yanke.

Nijar ta bayyana matsayinta a kan wannan rikici sau da dama. Ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a watan Janairu 1973, zamanin Shugaba Diori Hamani, ta maido da ita a 1996, ta sake yankewa a watan Afrilu 2002, zamanin Shugaba Tandja Mamadou. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, yaƙin da ya biyo baya kuma ya kashe dubun dubatan Falasɗinawa a Gaza, da yawansu mata da yara. Baƙin cikin Musulmi a kan haka yana da dalili, tsayawa ga wanda aka zalunta kuma wajibi ne. Sai dai gwamnati da sojojinta su ke da alhakin aikinsu. Yahudanci addini ne da ya girmi wannan gwamnati da dubban shekaru, kusan rabin Yahudawan duniya ba a Isra'ila suke zaune ba, kuma cikinsu akwai waɗanda suka fito fili suka yi tir da yaƙin. A watan Janairu 2016 malaman Musulunci daga ƙasashe masu yawa sun taru a Marrakesh ta Maroko, suka fitar da sanarwa a kan haƙƙin marasa rinjaye, suka kafa ta a kan takardar Madina.

Abin da ya shafi gida

Mai karatu na iya tambaya ina ruwan mutumin Garazu da duk wannan, tun da ba shi da maƙwabci Bayahude. Amsar ita ce, ɗabi'ar kama jama'a duka da laifin mutum ɗaya ba ta tsayawa a kan wanda aka fara da shi. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, fushin da wata jaridar Faransa ta tayar da zanen ɓatanci ga Manzon Allah ya faɗa kan Kiristocin Nijar, waɗanda ba su zana kome ba. An ƙona coci-coci, mutum 10 suka rasa rayukansu. Ma'abota Littafi ne, ƴan ƙasa ne, kuma abin da ya same su shi ne abin da Alƙali Mahmudu ya hana a Gawo. A ƙasar manoma da makiyaya, inda ɓarnar garke ɗaya kan sa a far wa rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, wannan darasi na kowace kaka ne.

Saboda haka akwai aiki a kan wanda ya iya karatu. Tun 1979 aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wasu kuma sun biyo bayanta. In an karanto masa aya ɗaya, ya duba ta gabanta da ta bayanta, ya tambayi malami dalilin saukarta. In an turo masa saƙo a waya, ya nemi asalinsa kafin ya tura wa wani, kamar yadda Hujurati, aya ta 6, ta yi umurni da bincika labari. In ya ga maha'inci a kasuwa, ya kira shi maha'inci, ya bar sunan zuriyar annabawa. Ma'aikacin hukuma kuwa, mai gari ne ko alƙali ko malamin lakwal, ya tuna da sulken Ɗu'uma duk ranar da aka kawo masa ƙara tsakanin nasa da bare.

Allah ya ƙara wa jama'a fahimtar Littafinsa, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya.